Gaba, gefe ko baya: wace tafiya ce za ta hana mai shanyewar ɓarin jiki faɗuwa?

Idan aka sallamo mai shanyewar ɓarin jiki daga asibiti, abin da iyali suka fi riƙewa cikin bayanin likita shi ne "a riƙa sa shi tafiya". Sai a ga an kama Baba kullum daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa ɗaki. Wata biyu, wata uku, ƙarfi ya ɗan dawo, amma tangaɗin yana nan, ranar da ya juya zai ɗauki buta sai ga shi a ƙasa. Tafiyar da ke ƙara numfashi da sauri daban, wadda ke koya wa jiki riƙe kansa daban. Mara lafiya kuma ba shi da ƙarfin yin komai da komai a rana ɗaya. Da yawa minti 20 zuwa 30 ne iyakarsu kafin gajiya ta lalata takun. Don haka dole a zaɓa, kuma zaɓin yana bin yadda mutumin yake rasa daidaito, ba atisayen da ya fi burge masu kallo ba.

Tushen matsalar a wurin yawancinsu ɗaya ne: ba su yarda da ƙafar da ta shanye ba. Ku lura da takun. Ƙafa mai rauni tana taɓa ƙasa, sai a yi wuf a jefa lafiyayyar gaba kafin nauyi ya zauna a kanta. Ga naman gefen ƙugu da ya yi laushi, ga tafin ƙafa da ba ya jin ƙasa sosai, ga yatsu da ke jan ƙasa saboda idon sawu ba ya ɗagowa. Mutum zai iya yin shekara yana tafiya a haka, lafiyayyar ƙafa da sanda suna yin aikin, mai raunin tana rakiya kawai. Faɗuwa kuwa ba abin wasa ba ce a nan. Wani bincike da aka buga a Ingila a 1995 ya gano kashi 73 cikin 100 na waɗanda aka bi sun faɗi cikin wata shida bayan sallama. Kuma ƙashin ɓangaren da ya shanye yana rage ƙwari saboda rashin ɗaukar nauyi, shi ya sa karayar ƙugu ta fi faruwa a wannan ɓangaren.

Awo kafin zaɓi

Da alli da agogon waya za a iya sanin inda mara lafiya yake. A auna mita 10 a wuri shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba kwari, a ƙara mita 2 a farko da mita 2 a ƙarshe don tashi da tsayawa. Ya yi tafiyarsa ta kullum da sandarsa, a kama lokaci a kan mita goman na tsakiya kawai. Wanda ya haura sakan 25, saurinsa bai kai mita 0.4 a sakan ba: wannan tafiyar cikin gida ce. Tsakanin sakan 25 da sakan 12 da rabi, yana iya fita ƙofar gida da masallacin unguwa da rakiya. Ƙasa da sakan 12 da rabi, ya shiga sahun masu iya zirga-zirgar gari. Idan tsakar gidan ba ta kai ba, a auna mita 6. Iyakokin sun koma sakan 15 da sakan 7 da rabi.

Awo na biyu ya fi faɗin gaskiya game da faɗuwa. A jingina kujera mai hannu da bango, a ja layi mita 3 daga gabanta. Ya tashi, ya je layin, ya juyo, ya dawo ya zauna. Wanda ya wuce sakan 14 yana cikin haɗarin faɗuwa. Amma lambar ba ta kai abin da ido zai gani muhimmanci ba. A ina ya yi tangaɗi? Wajen tashi, ko wajen juyawa, ko da zai ja da baya ya zauna ya faɗa kujerar jagwab? Yatsunsa sun kama ƙasa? Gwiwar ta lanƙwashe, ko ta ƙame ta koma baya? Amsar waɗannan ita ce ke raba atisayen da ya dace da wanda zai ci lokaci a banza.

Duk wannan na wanda zai iya tsayawa minti ɗaya ne ba tare da an tallafe shi da ƙarfi ba. Wanda bai kai nan ba, aikinsa zama a bakin gado da tashi-zauna ne, ƙarƙashin kulawar likitan fisiyo, wato masanin farfaɗo da gaɓoɓi ta hanyar atisaye. Gaggawa ma ba ta da amfani a ranar farko: babban binciken da aka buga a 2015 a kan mutum sama da 2,000 ya nuna yawan tayar da mara lafiya cikin awa 24 na farko bai ƙara samun sauƙi ba, ya ma rage. Kafin kowane zaman atisaye a auna hawan jini. Idan ya kai 180/110 a dakata, a nemi likita.

Tafiya gaba

Ita ce kowa ya sani, kuma babu mai maye gurbinta wajen sauri, juriya da lafiyar zuciya. Shawarar da masana suka tsaya a kai ga wanda ya samu ƙarfi ita ce minti 20 zuwa 60, kwana 3 zuwa 5 a mako, kuma ana iya yanka ta gida uku, minti goma-goma. Kuskuren da ake yi shi ne a yi ta a sanyaye har abada. Jiki ba ya canzawa sai an ɗan matsa masa. Hanya mai sauƙi: minti ɗaya da sauri, minti biyu a hankali, a maimaita sau biyar zuwa takwas. Ma'aunin sauri shi ne magana. Idan yana iya ba da labari a tsanake, bai yi aiki ba. Idan yana iya faɗin gajeriyar jimla yana haki kaɗan, daidai ke nan. Idan kalma ɗaya ta gagara, a rage. Wannan ya fi ƙirga bugun zuciya amfani ga masu shan maganin hawan jini irin su atenolol, domin maganin yana hana bugun hawa ko da mutum ya gaji.

Rauninta kuwa shi ne tana ƙyale mutum ya yi ha'inci. Yana iya zagayo da ƙafar ta gefe maimakon lanƙwasa gwiwa, ya ɗaga ƙugu, ya jingina da sanda, duk da haka ya isa inda za shi. Kullum aka maimaita, ɗabi'ar tana ƙara zama. Abu biyu kawai za a riƙa tunatarwa, ba goma ba: "Baba, dunduniya tukuna," da "lafiyayyar ƙafar ta wuce ɗayar." Na biyun ya fi muhimmanci, domin ba yadda za a yi lafiyayyar ƙafa ta yi dogon taku sai mai raunin ta riƙe nauyi. A zana sawu da alli a ƙasa, tazara ɗaya, ya riƙa taka su.

Tafiya gefe

Ga wanda ya haura sakan 25, ko wanda kullum yake karkata ɓangaren da ya shanye, wannan muka fi fifitawa a kan duk sauran, kuma ita ce aka fi mantawa da ita a gidaje. Naman gefen ƙugu shi ke hana ƙugu zubewa duk lokacin da mutum ya tsaya a ƙafa ɗaya, kuma kowane taku tsayuwa ce a ƙafa ɗaya. Tafiya gaba ba ta tilasta masa aiki. Tafiya gefe tana tilastawa.

Mara lafiya ya fuskanci bango, tazarar kamar tsawon hannunsa a lanƙwashe, tafin lafiyayyen hannu a kan bangon. Bangon siminti mai ɗan kaushi ya fi mai tayil. Yatsun ƙafa biyu su kalli bango. Ya buɗa ƙafa ɗaya gefe kamar santimita 20 zuwa 30, ya mayar da nauyinsa kanta gaba ɗaya, sannan ya ɗago ɗayar ya ajiye kusa da ita ba tare da sun haɗe ba. Mita 3 zuwa 5 a tafi, a dawo ba tare da an juya ba, wato yana nan yana kallon bango. Zuwa da dawowa sau biyar, sau biyu a rana. Mai taimako yana baya, ɗan kusa da ɓangare mai rauni.

Zuwan da dawowar ba aiki ɗaya suke ba. In ana tafiya wajen ɓangare mai rauni, ƙafar ce ke buɗewa ta sauka ta karɓi nauyi. In ana tafiya wajen lafiyayyen ɓangare, ita ce ke tsaye ita kaɗai yayin da ɗayar ke sama, ita ke tura jiki. Za ku ga a nan takun ya gajarce, mara lafiya yana sauri don ya tsere daga kanta. A nan ake ƙirga masa: "ɗaya, biyu, ajiye."

Abin da ke ɓata ta abu uku ne. Yatsu su juya waje har tafiyar ta koma tafiya gaba a karkace. Sai a gyara ƙafar, a rage faɗin takun. Ko ya karkata kafaɗa maimakon ya matsar da ƙugu, a ɗora hannu a gefen ƙugunsa a ce "turo hannuna." Ko ya ja ƙafar a ƙasa kiii, alamar bai gama mayar da nauyi kan ɗayar ba kafin ya nemi ɗagawa. Idan ta yi sauƙi, tafin hannu ya koma yatsa biyu, yatsa biyu su koma ba komai, sannan a sa sanduna a ƙasa ya riƙa tsallakewa ta gefe. Amfaninta a rayuwa a fili yake: shiga sahu a masallaci, bi tsakanin gado da bango, shiga banɗaki mai ƙaramar ƙofa, kaucewa mai babur a lungu.

Ƙanwarta ita ce taɓa dakali. A kwantar da bulo mai inci shida, tsayinsa ya zama kamar santimita 15, a tabbata ba ya motsi. Ya tsaya a gabansa kusa da bango, ya ɗora lafiyayyar ƙafa a kai, ya sauke, sau goma, zagaye uku. Iyali sukan yi akasin haka, su sa a riƙa ɗora mai raunin don a ganinsu ita ke buƙatar motsi. Wannan ma yana da amfaninsa wajen ɗaga ƙafa, amma don daidaito, wadda ke ƙasa ita ce ke aiki. Idan gwiwar tana ƙamewa baya da ƙarfi, mai taimako ya tsuguna ya tare ta da tafin hannu ta baya, ta zauna a ɗan lanƙwashe.

Tafiya da baya

Tana da riba babba, tana da haɗari babba. Ribar ita ce tana neman abin da shanyewa ke kashewa: a kai cinya baya, a lanƙwasa gwiwa, a sauka a kan yatsu. Wanda ƙafarsa ta sandare tamkar icce, wanda gwiwarsa ke ƙamewa, wanda ke faɗawa kujera maimakon zama, su ne suka fi cin moriyarta. Ido kuma ba ya ganin hanya, dole jiki ya saurari tafin ƙafa da idon sawu, abin da aka daina yi tun da ciwon ya zo.

Ana yin ta a gefen bango, lafiyayyen hannu a jikin bangon, mai taimako a baya yana riƙe da ƙugu yana kallon hanya a madadinsa. A share wurin tas: ba tabarma, ba buta, ba yara, ba kaji. Yatsu su fara taɓa ƙasa, sannan dunduniya ta sauka a hankali. Taku gajeru, mita 3 a farko, sau huɗu zuwa shida, a huta tsakani. Kuskuren da aka fi yi shi ne sunkuyawa gaba a turo ɗuwawu baya, ko kuma a jefa kafaɗu baya kafin ƙafa ta isa. Na biyun shi ke kayar da mutum.

Idan aka ajiye ta kusa da tafiya gefe, bambancin da ya kamata iyali su duba shi ne irin faɗuwar da kowacce za ta iya jawowa. Mai tafiya gefe yana da bango a gabansa da mutum a bayansa. In ya yi tuntuɓe, kan mai taimako zai zo. Mai tafiya da baya in ya tafi, ƙeya ce ke dukan siminti, kuma da yawa cikinsu suna shan maganin tsinka jini kamar aspirin, clopidogrel ko warfarin. Duk wanda ke shan waɗannan ya bugu a kai, asibiti za a kai shi ko da ya ce ba komai. Saboda haka ba ma ba da shawarar fara tafiya da baya a gida ga wanda bai iya mita 10 gaba da riƙon hannu ɗaya mai sauƙi ba, kuma zaman farko ya kasance a sashen fisiyo, tsakanin ƙarafan nan biyu da ake riƙewa. Idan mai taimako yaro ne ko tsohuwa, a bar ta, a ninka tafiya gefe.

Tsallake da juyi

Gidajenmu cike suke da abin tsallakewa: dokin ƙofa, bakin rijiya, kwata, tiyo, igiyar caji. Wanda yatsunsa ke kama ƙasa, wannan ne nasa. A fara da layin alli, sannan tawul a naɗe, sannan katako mai kauri santimita 5, sannan 10. Abubuwa huɗu ko biyar a jere, tazarar taku biyu ko uku tsakaninsu. A fara da abu mai laushi da ba a kafe ba, domin in ƙafa ta buge shi ya ture, kada ya kayar.

Wace ƙafa ce za ta fara? Idan mai raunin ta fara, lafiyayyar ce ke riƙe jiki, ido kuma yana ganin ƙafar da ke tsallakewa. Wannan ya fi sauƙi, da shi ake fara koyo. Idan lafiyayyar ta fara, mai raunin za ta tsaya ita kaɗai, sannan ta biyo baya ido ba ya ganinta, a nan yatsu ke kamawa. Dole a koyi biyun, domin kwata ba ta jiran mutum ya shirya ƙafa. A matakala kuwa ƙa'idar farko ita ce lafiyayyar ta fara hawa, mai raunin da sanda su fara sauka.

Juyi shi ne inda faɗuwa ta fi ɓuya. A ajiye bokiti biyu tazarar mita ɗaya da rabi, ya riƙa zagaya su kamar lamba 8, sau biyar, a huta, a sake. Amfanin wannan zagayen shi ne yana juyawa dama da hagu a tafiya ɗaya. Ƙa'idar ita ce ƙananan taku, kowace ƙafa a ɗaga ta. Kada a kafa ƙafa a murɗa jiki a kanta, kada ƙafafu su harɗe. Wanda ya yi tangaɗi wajen juyawa a awon kujera, wannan ya fi masa amfani a kan ƙarin mita ɗari na miƙaƙƙiyar hanya.

Tafiya dunduniya a gaban yatsu a kan layi ɗaya ta yi suna a bidiyoyin intanet, amma a ganinmu an cika yabonta. Ga mai sakan 25 ba ta koyar da komai sai tsoro da rataya a hannun mai riƙo. A ja layi biyu tazarar santimita 30, ya bi tsakaninsu, a rage zuwa 20. Layi ɗaya na wanda ya riga ya fita gari ne, wanda zai taka katakon da aka gitta a kan lambatu.

Injin tafiya ko ƙasa?

Tambayar da masu hali ke yawan yi ke nan. Injin, wato treadmill mai shimfiɗar da ke gudu a ƙarƙashin ƙafa mutum yana takawa a wuri ɗaya, yana ba da taku masu yawa a ƙaramin wuri, yana tilasta sauri ɗaya, yana da kyau ga zuciya. Amma ba shi da kwana, ba rami, ba gangara ta gaske, kuma hannu yana kan ƙarfe koyaushe. Wani bincike a Amurka da aka buga a 2011 ya bi mutum 408, ya kwatanta injin mai ɗamarar da ke ɗauke wa ƙafafu wani kaso na nauyin jiki da atisayen ƙarfi da daidaito da likitan fisiyo ke koyarwa a gida. Bayan shekara kusan kashi 52 cikin 100 sun ƙara matsayi a tafiya, kuma babu rukunin da ya fi wani, masu inji ko masu atisayen gida. Jiri ya fi yawa a masu injin, kuma masu rauni sosai da aka fara wa injin da wuri sun fi yawan faɗuwa. To kuɗin da za a zuba a sayen inji, gara a biya likitan fisiyo mai rajista da MRTB, hukumar da ke ba likitocin fisiyo lasisi a Najeriya, ya riƙa duba mara lafiya, ko a riƙe kuɗin mota zuwa sashen fisiyo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato. Wanda ya riga yana da injin, ya fara da mafi ƙarancin sauri, ya maƙala igiyar tsayarwa a rigarsa, mutum na tsaye a gefe, domin in aka ɗauke wuta injin tsayawa yake ba sallama.

Gaisuwa a kan hanya

Akwai mara lafiyar da ke tafiya tsaf a tsakar gida, yana fita sai matsala. Wani ya kira daga tsallake, "Alhaji, ya jiki?" Ya waiwaya, ya ɗaga hannun da ke riƙe da sanda, ƙafa ta rikice. Bayan shanyewa tafiya tana cin hankali, ba ta zuwa da kanta kamar da, duk abin da ya ɗauki hankalin ya rage wa ƙafa. Alamar ita ce mutum ya tsaya cik duk lokacin da aka yi masa magana. A matakin farko wannan tsayawar ma ita ce daidai: a tsaya, a kafa sanda, a gaisa, a ci gaba. Daga baya a horar a gida. Yana tafiya yana lissafo sunayen jikoki, ko yana ƙirga daga 50 zuwa ƙasa. Yana tafiya yana duba dama da hagu kowane taku uku. Yana ɗauke da buta rabin ruwa, in ba ya buƙatar sanda. Wanda ba ya lura da ɓangare ɗaya, yawanci hagu, yana buge ƙofa da kafaɗa ko yana barin rabin tuwo a kwano, a gaya wa likita; nasa horon daban ne, kuma bai kamata ya fita titi shi kaɗai ba.

Sanda, takalmi da mai riƙo

Sanda tana lafiyayyen hannu, kanta daidai wuyan hannu idan mutum ya tsaya ya saki hannunsa. Mai ƙafa huɗu ta fi tsayawa a kan siminti, amma a kan duwatsu da ramukan lungunan Anguwan Rogo ko Rikkos ƙafafun ba sa zama tare, sai ta riƙa rawa. Tana kuma koya wa mutum jingina ɓangare ɗaya. Ga mai fita waje, mai ƙafa ɗaya da roba sabuwa a gindi ta fi. Silifas ba na wannan aikin ba ne. Takalmi rufaffe mai riƙe dunduniya, ko sandal mai maɗauri a baya. Wando da zani kada su wuce idon sawu. Idan ƙafa tana faɗuwa ƙasa duk da atisaye, akwai takalmin roba mai tallafe idon sawu da ake aunawa a asibiti. A riƙa duba fata bayan an cire, jan da bai gushe cikin rabin awa ba yana nufin a koma a gyara, musamman ga mai ciwon suga.

Mai riƙo yana ɓangare mai rauni, rabin taku a baya, hannunsa a kan bel mai faɗi ko majanyi da aka ɗaure a ƙugu. Ba a riƙe hannun da ya shanye, ba a cusa hannu a hammata. Kafaɗar ba ta da naman da zai riƙe ta, ja ɗaya na iya jawo ciwon watanni. In mutum ya tafi, kada a yi kokawar ɗaga shi, a jawo shi jiki a sauke shi ƙasa a hankali. A zaɓi wanda kunya ba za ta hana shi riƙe ƙugun ba: suruka ba za ta iya da Alhaji ba, ɗa namiji sau da yawa ba ya sakewa da Hajiya, sai a riƙa riƙon yatsa biyu wanda ba ya tare komai.

Sanyin Jos ma yana da nasa hukuncin. A Disamba da Janairu jijiyoyin ɓangaren da ya shanye sun fi ƙagewa da asuba, don haka a bari sai hantsi, a fara da minti biyar na tashi-zauna da miƙa sha-raɓa. Kada a ɗumama ƙafar da kaskon wuta ko ruwan zafi. Fatar da ba ta ji sosai tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Da damina a koma baranda ko falo, a naɗe darduma. Gangara kuwa saukarta ta fi hawanta wuya, domin gwiwa ce ke taka burki. A fara da gajeriya, taku ƙanana, sanda a gaba, kuma ba a ranar da aka yi ruwa ba.

Idan aka haɗa duka, mai haura sakan 25 ya ba da kashi biyu cikin uku na lokacinsa ga tafiya gefe da taɓa bulo, sauran ga gajeriyar tafiya gaba a kan sawun alli. Mai tsaka-tsaki ya raba: kwana uku tsallake, zagayen bokiti da tafiya da baya in akwai ƙaƙƙarfan mai riƙo, kwana uku tafiya gaba mai sauri da sassauci. Wanda ya sauka ƙasa da sakan 12 da rabi ya kai aikin waje, kan tsakuwa, gangara, matakala da magana yana tafe, ya riƙe tafiya mai sauri don hawan jininsa. Sauƙi ya fi gudu a wata uku na farko, amma wanda ya shekara ma yana ƙaruwa in aikin ya matsa masa daidai.

A sake awon biyu duk bayan mako biyu, wuri ɗaya, takalmi ɗaya, lokaci ɗaya, a rubuta a littafi a kai wa likitan fisiyo. Idan wata guda ya wuce lamba ba ta motsa ba, ko dai atisayen ya yi sauƙi, ko akwai abin da ke tare hanya: jijiya da ta ƙage, ciwon gwiwa, maganin da ke sa jiri, ido, ko baƙin ciki da ke hana himma, wanda shi ma ana maganinsa. Ciwon ƙirji, jiri mai tsanani, ciwon kai na farat ɗaya, baki ya sake karkacewa ko magana ta sarƙe, a tsayar da komai nan take a nufi asibiti, ba a jira gobe ba.